Motar Lantarki a Hanyar Isa Zuwa Sakkwato: Lissafin Kuɗi da Lissafin Zango

 

Shugaban wannan taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, 'yan kasuwa, shugabannin direbobi, iyayenmu mata da ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya, na kuma gode wa mutanen Bafarawa da suka yi mana masauki. An ɗora mini in yi magana a kan motar lantarki, ko ta kai mutumin Isa ko Sabon Birni ya zuba kuɗinsa a cikinta. Na san akwai wanda da jin taken ya yi murmushi, ya ce garin da sai an biya kuɗi a shago ake cajin waya, ina shi ina cajin mota? Yana da gaskiyarsa, kuma zan zo kanta. Sai dai maganar ba daga sama ta faɗo ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Mu na bakin iyaka mun riga kowa shan wannan wuya. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana sayar da shi a jarka saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya saba sayen kwalba a hannun ɗan bumburutu ya san farashin da ake faɗa a rediyo ba namu ba ne. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ga motar da ba ta shan mai, dole ya kasa kunne.

Kuma Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jelani Aliyu, ɗan jihar nan, wanda ya yi karatun zanen mota a Detroit ta Amurka, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Lokacin da yake shugabantar NADDC, hukumar tarayya mai kula da ƙirar motoci, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Afrilu 2021, kafin ta Jami'ar Legas da ta Nsukka. Motar da aka yi ta nunawa a lokacin ita ce Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. Batirinta yana ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da ake saye a mitar gida. An ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482, kuɗinta kuma a lokacin wajen naira miliyan 24. Da ita zan yi misali, don ita aka fi sani.

Daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ta Goronyo kimanin kilomita 175 ne. Zuwa da dawowa 350 ke nan. A takarda, mota mai 482 ta je ta dawo har da rara. Amma a ina aka samo wannan 482? A ɗakin gwaji, cikin iska mai daɗi, ba fasinja shida, ba buhun albasa a but, ba yashi, ba gargada. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Esi daga batirin nan take ci, batirin kansa kuma sai ya kashe wuta wajen sanyaya jikinsa. Sannan ga gudu. Motar lantarki ta fi tattalin wuta a tafiyar cikin gari, tsaya nan tashi can. Da an take ta a doguwar hanya sai wutar ta riƙa zuba. Ku faɗa mini, direbobi, wane ne cikinku yake tafiya a hankali tsakanin Goronyo da Sabon Birni? Akwai wuraren da kowa ya sani, da an doshe su mota takan yi tsit, fasinja na salati a zuci, direba ya danne ƙafarsa har sai an wuce. Ba wanda zai ce masa ya sassauta don tattalin batir. In muka cire kashi 30 cikin ɗari saboda waɗannan, kuma ba mu yi zalunci ba, abin da ya rage bai kai kilomita 340 ba. Ba ta dawo da kai gida ba ke nan, tun tana sabuwa. Mutumin Isa da Bafarawa kuwa, in ta wannan hanya ya bi, yana da sauran tafiya a gaba.

Ku kuma tuna Satumba 2021, da gwamnati ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta ce kowa ya zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Dare ɗaya tafiya ta ƙara tsawo. A ƙasarmu nisan gari ba abu ne tsayayye ba, ya danganta da hanyar da take biyuwa a ranar. In mai ya ƙare wa Golf, yaro zai hau babur ya kawo galan. In wuta ta ƙare wa motar lantarki, sai an jawo ta ko an ɗauko ta. A kan hanyar dawowa daga Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Yuli 2024, Allah ya jiƙansa da rahama. A irin wannan hanya, tsayuwar mota ba ɓacin lokaci ba ne kawai.

Ko an isa lafiya, cikon ma yana da nasa lokaci. A soket ɗin bango na gida, cika yunit 64 ya fi kwana da yini. Da akwatin caji na musamman, awa tara zuwa goma. Babbar na'urar caji mai sauri ce kaɗai ke kai shi kashi 80 cikin kamar awa ɗaya, ita kuwa tana son wuta mai ƙarfi wadda ba ta ɗaukewa.

To, kuɗi fa? Mu ɗauka ƙaramar motar fetur tana shan lita 8 a kilomita 100, lita kuma naira 900. Naira 7,200 ke nan. Ta lantarki tana cin wajen yunit 17 a wannan tafiya. Ko da farashin wutar masu Band A, waɗanda aka ƙara wa kuɗi a Afrilu 2024 har yunit ya haura naira 200, ba za ta wuce 3,600 da yawa ba. Rabi ke nan, kuma wannan shi ne abin da masu tallarta ke faɗa, ba su yi ƙarya ba. Abin da ba sa faɗa shi ne daga ina wutar take zuwa. In da ƙaramin janareto za ka yi cajin, lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit biyu, sai ka ƙona lita takwas ko tara kafin ka tara 17. Man da ka gudu a tanki ka je ka zuba shi a janareto, ga ƙara ga hayaƙi.

Sola ita ce tamu, don rana dai Allah ya hore mana ita. Faranti ɗaya mai wat 500 yana ba da yunit biyu da ɗoriya a yini, in an goge masa ƙura, wadda a hunturu sai an bi ta kullum. Mai son cika batirin Kona daga ƙasa cikin yini ɗaya yana buƙatar faranti kusan talatin. Amma malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ba ya wuce kilomita 40 a rana, yunit bakwai ya ishe shi, faranti huɗu sun riƙe shi. Matsalarsa ɗaya ce, lokacin da rana take aiki motar tana waje, sai dai ya sa farantan a wurin aikinsa ko ya sayi batirin ajiya a gida, wani kuɗin ke nan.

Babban dutsen shi ne kuɗin saye. In kana yin kilomita 20,000 a shekara, rarar da za ka samu wajen naira 720,000 ce. In motar ta fi takwararta ta fetur tsada da miliyan 10, sai ka yi kusan shekara 14 kafin kuɗinka su dawo, alhali garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Direban haya mai yin ninki uku na wannan tafiya zai fanshe kafin shekara biyar. Kun ga inda gizo ke saƙa: wanda motar ta fi yi wa riba shi ne mai doguwar hanya, shi ne kuma wanda zangonta ya fi tsayar wa. Gaskiya ne kuɗin batir yana ta sauka a duniya, daga sama da dala 1,000 kan yunit a 2010 zuwa kusan 115 a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki a Oktoba 2024. Amma dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta koma kusan 1,500 a 2024, faɗuwar naira ta cinye sauƙin.

Wajen gyara tana da sauƙi ta wani gefe: ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba kuloci, ba salansa. Amma tana da nauyi, tana cin taya da shokozoba, batirin kuma a ƙarƙashinta yake shimfiɗe, daidai inda dutse da kwazazzabon damina ke bugu. Wutar cikinsa tana kai bolt 350 zuwa 400, ta isa ta kashe bakaniken da ya sa hannu ba tare da horo ba. Masu hangen ta hannu daga Kwatano su ninka hattara. Batirin mota kamar na wayarku ne, shekara da zafi suna cinye shi, sai ka ga ya nuna ya cika amma ba ya riƙewa. Nissan Leaf ta farko, wadda ba a yi wa batirinta hanyar sanyaya ta ruwa ba, tun 2012 masu ita a Arizona, wata jiha mai zafi irin namu a Amurka, suka yi ta kukan ya tsufa da wuri. Kada ka biya ko sisi sai an jona na'ura an nuna maka kashi nawa ya rage na lafiyar batirin.

A ganina ba ta babbar mota lantarki zai shigo mana ba. Ta keke napep da babur zai shigo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya cire injin ƙananan bas ya sa musu batir, suna jigilar mutane cikin gari. A Benin da Togo 'yan kabu-kabu na kamfanin Spiro ba sa jiran caji, suna ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Wannan sana'a ce da mai shagon cajin waya a Isa zai iya girma ya shige ta, in ya samu jari. Ga doguwar hanya kuwa, irin tsarin Volt ɗin da na ambata ya fi dacewa da mu: kimanin kilomita 60 a kan batir, in ya ƙare injin fetur ya karɓa.

Don haka wanda ya tambaye ni yau, amsata ita ce: in tafiyarka ta cikin gari ce, kana da sola, kana da wata motar ta doguwar hanya, saya. In ita ce motarka ɗaya tilo, da ita za ka kai mai naƙuda asibitin Sakkwato, kada ka saya tukuna. Shugabannin ƙananan hukumominmu da wakilanmu a majalisa, roƙona gare ku shi ne a kafa tashar caji mai sola a Goronyo da Sabon Birni, cikin gari inda akwai jami'an tsaro, a kuma tura yaranmu kanikawa su koyo aikin batir tun kafin motocin su iso.