Takardar Shaida da Abin da ke Bayanta

(Jawabin da wani ɗalibin aji uku na Sashen Nazarin Tattalin Arziki ya yi a taron Makon Ƙungiyar Ɗalibai)



Da aka gaya mini ni ne zan yi magana a kan riƙon gaskiya a makaranta da kuma burin samun aiki, sai da na yi kwana biyu ina neman hanyar zillewa. Dalili kuwa shi ne batun nan ya shafe ni, wanzami kuma, kun sani, ba ya son jarfa. Amma tun da har na tsaya gabanku, ya kamata in fara da nawa laifin, don kada wani ya zaci wa'azi na zo yi daga kan tudu.

Shekarar da muka zauna jarrabawar fita sakandare, ana saura mako biyu a fara, aka tara mu aka ce kowa ya kawo naira 5,000, wai kuɗin haɗin kai. Ba wanda ya tambayi abin da za a haɗa kai a kansa, gama kowa ya sani. Da na je gida na gaya wa mahaifina, shi ma bai tambaya ba. Ya ɗebi masara ya kai kasuwa, ya kawo kuɗin ya danƙa mini, ya sa mini albarka. Ranar lissafi, aka shigar da mai sa ido da ya zo daga waje ofis aka rufe ƙofa, sa'an nan wani malami ya shigo da alli ya cika allo da amsoshi. Muka duƙa muka kwafa, ba tari ba atishawa. Sakamako ya fito na sami B3 a lissafi, ni da ban taɓa wuce maki 40 cikin 100 a jarrabawar aji ba. A gida aka yi ta murna, ni ma na yi, har na soma jin kamar lalle na iya.

A ajinmu akwai wani abokina da ya ƙi biyan kuɗin. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan cikin wannan ɗaki kuma na san ba ya son a nuna shi. Aka mai da shi kujerar can baya, aka juya masa ita ta fuskanci bango, yara suna yi masa dariya suna kiransa waliyyi. Ya sami D7, watau ya rasa kiredit da taki guda. Muka wuce jami'a muka bar shi a gida shekara ɗaya cur yana jiran ya sake zama. Zan komo kan labarinsa in an jima.

Wannan abu da muka yi ya girme mu. A shekarar 1977 takardun tambayoyin hukumar WAEC suka ɓulla hannun ɗalibai a wurare da yawa kafin ranar jarrabawa, har gwamnatin soja ta lokacin ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. Mutane suka laƙaba wa abin suna Ekspo 77, shi ya sa har gobe ɗalibi yake kiran satar amsa ekspo, ko da bai san asalin kalmar ba. Chukwuemeka Ike, wanda shi ne magatakardan hukumar a wancan lokaci, ya rubuta littafin labari a kan al'amarin, aka buga shi a 1980. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, ta yanka ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake wata doka, mai lamba 33, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ga yaron da bai kai shekara 18 ba, da ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido. A 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta don ta toshe ƙofar sata. Duk da haka a 2023 muka ji labarin wata ɗaliba a Jihar Anambra da ta mai da makinta na JAMB daga 249 zuwa 362, har aka fara yi mata kyaututtuka kafin asiri ya tonu. Ku lura fa, 249 maki ne mai kyau, da yawanmu nan ba mu samu ba.

To, in ɗaurin shekara 21 bai tsorata mutane ba, ashe akwai abin da suke tsoro fiye da kurkuku. Abin nan kuwa, a ganina, shi ne zaman banza. Yaron da ya gama sakandare ya san in ba shi da kiredit 5, har da Turanci da lissafi, to, ƙofar jami'a ta rufe. Wanda ya shiga jami'a kuma ya san tallar aikin banki ko ta babban kamfani takan ce sai mai digiri na daraja ta biyu babba, wanda bai wuce shekara 26 ko 27 ba. Ina ɗan talaka zai cika wannan sharaɗi? Ya shiga firamare a makare, ya jira JAMB sau biyu, sa'an nan yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata 9 a 2020, ya ƙara cinye wata 8 a 2022. Kafin ya karɓi digiri ya doshi shekara 30, wadda ita ce iyakar zuwa bautar ƙasa. Daga nan sai ka gan shi a bakin kotu yana neman takardar rantsuwar shekaru, ya zubar da uku ko huɗu a ƙofar shiga, ya fito ya zama tsaran ƙanensa. Na san gidan da wa da ƙane suke da ranar haihuwa wata biyar tsakani, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuna dariya, amma na tabbata kowa a nan ya san irin gidan.

Saboda haka ban yarda da masu cewa 'yan zamani ne kawai suka lalace ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ɗan shekara 17 bai buga tambayoyin ba, bai riƙe makullin akwatinsu ba, kuma ba shi ya rufe mai sa ido a ofis ba. Shugaban makaranta yana son a ce ɗalibansa sun ci don ya sami sababbi baɗi. Uba yana son kada kuɗinsa ya tafi a banza. A nan jami'a ma, kowa ya san akwai kwas ɗin da in ba ka sayi takardun malami ba, sunanka ba ya cikin waɗanda za a dube su da idon rahama, 'yan'uwanmu mata kuma sun san wani farashi da ya fi wannan muni, wanda ba sa iya faɗa a taro. A bakin ƙofar makaranta akwai shagunan da za ka ba da kuɗi a ba ka aikin bincike na shekarar ƙarshe a ɗaure da bango, an kwafo shi daga intanet, sunanka kaɗai za a sauya. Wanda ya ce wa yaro ya riƙe gaskiya a cikin wannan hali, ya kamata ya san nauyin kayan da yake aza masa.

Amma duk wannan uzuri bai hana ni haɗuwa da B3 ɗina ba. Zangon farko na aji ɗaya aka ba mu kwas ɗin lissafi na masu nazarin tattalin arziki. Malami ya shigo, ya ɗauka duk wanda ke gabansa ya san abin da takardarsa ta ce ya sani, kuma yana da gaskiya. Ya fara daga inda sakandare ta tsaya, ni kuwa ban taɓa isa wurin ba. Na yi wata uku ina zaune ina kwafar alamomi kamar mai zanen hula, ban san me suke nufi ba, kunya kuma ta hana ni ɗaga hannu, domin wa zai yarda mai B3 bai san yadda ake warware baka biyu ba? Sakamako ya fito na faɗi warwas. A nan ne na gane takardar shaida alkawari ce. Tana gaya wa wanda bai san ka ba cewa ka iya abu kaza, ya sakankance ya ɗora maka. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Akan kama waɗansu da wuri, waɗansu kuma sai sun hau can sama. A 1999 Alhaji Salisu Buhari ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa, da takardar digiri ta Jami'ar Toronto wadda jami'ar ta ce ba ta san da ita ba, da kuma shekaru 36 alhali yana da 29. Mujallar The News ta tona, ya sauka yana hawaye kafin ya cika wata biyu a kan kujera. A 2018 Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi saboda takardar yafe bautar ƙasa da aka gano jabu ce, ko da yake ta ce ba ta san haka take ba lokacin da aka kawo mata. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, har ya sami shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, waɗanda suka yi karatun gaske a can kuma suka sha wuya tare da masu saye.

Waɗannan su ne suka shiga jarida. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a kama ba, domin shi ba ya biyan bashin da kansa, wani ne yake biya masa. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar, har ta tafi yajin aiki, ni kuma ba na cewa duk wanda ya faɗi ɓarawon amsa ne. Amma kowane ɗayansu da takarda ya shiga aiki, kuma wani ne ya sa hannu a kanta. Yaran da suka zauna gabansu shekara da shekaru fa? Su ne za su isa aji shida na sakandare ba su iya lissafi ba, a ce su kawo kuɗin haɗin kai. Ku ɗauki wannan misali ku kai shi asibiti, inda mai auna magani ya sayi kiredit ɗinsa, ko ku kai shi wurin ginin gada. Mara lafiyan da ke kwance bai zauna jarrabawa tare da mu ba, bai ci ko kwabo cikin naira 5,000 ɗin nan ba.

Yayyenmu ma'aikata, ku da kuke zaune a sahun gaba, kun fi mu sanin wannan. Kun ga jami'in da ba ya iya rubuta wasiƙa mai sakin layi uku sai ya kira na ƙasa da shi, kun ga kuma yadda irinsa yake riƙe kujera da haƙora, yana ƙin duk yaro mai ƙwazo da aka turo masa, domin kullum cikin tsoro yake kada a gane. Kun ga wanda gashinsa ya yi fari fat, jikokinsa suna sakandare, fayil ɗinsa kuwa yana cewa saura shekara 6 ya kai 60. Kujerar da ya ƙi tashi a kai ita muke jira. Roƙona gare ku shi ne, ranar da aka sa ku cikin masu ganawa da masu neman aiki, ku ba yaron alƙalami da takarda ku ga abin da zai iya, kafin ku dubi daraja da shekarun da ke rubuce.

Na yi alkawarin komowa kan abokina. Ba zan ce muku gaskiyarsa ta zama riba nan take ba. Ya yi hasarar shekara guda, yanzu ina aji uku yana aji biyu, kuma in tallar aiki ta fito da iyakar shekaru, mai yiwuwa ni in shiga shi ya makara. Wannan zalunci ne, kuma ban san ranar da za a gyara shi ba. Abin da na sani shi ne, a hutun da ya biyo bayan faɗuwata, shi ne ya zaunar da ni a zauren gidansu kullum bayan la'asar, da tsohon littafin lissafi na aji huɗu, ya fara da ni daga tushe. Shekarar da ya yi a gida ta sa ya koyi abin da hannunsa. Da na maimaita kwas ɗin na sami C, kuma duk cikin takarduna babu makin da nake ɗaga kai in na tuna shi kamar wannan C. Har yau ban gaya wa mahaifina abin da masararsa ta saya ba. Ina tsammanin in mujallar nan ta isa gida, ƙanena zai karanta masa.

Malam Shugaba, ƙungiyarmu ba ta da ikon sauya doka ko buɗe ma'aikatu, amma akwai abu biyu da take iya yi a wannan zango. Na farko, ta tsaya bayan duk ɗalibi ko ɗalibar da aka nemi kuɗi ko wani abu a hannunta don maki. Yanzu wanda ya kai ƙara shi kaɗai yake shiga ofis, shi kaɗai yake fitowa, shi ya sa ba mai zuwa. A naɗa mutum uku, har da mace, waɗanda za su raka mai ƙara, su rubuta, su bi sawu har a ga ƙarshen maganar. Na biyu, a cikin sababbin ɗalibai da suka shigo bana akwai masu irin B3 ɗina da yawa, suna zaune shiru kunya tana cinsu. Mu nema musu aji guda da alli, 'yan aji uku da huɗu su riƙa koya musu lissafi da Turanci daga tushe, ba tare da an tambayi kowa yadda ya sami kiredit ɗinsa ba. Ni da abokina mun riga mun yi magana da mai kula da azuzuwa. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, za mu kasance a ƙaramin ɗakin lacca na sashenmu, wanda ke son zuwa ya taho da littafin rubutu da fensir.