Hantar Mai Ƙuna: Jawabi a Bikin Yaye Malaman Jinya na Sashen Ƙuna

Duk wanda ya shiga ɗakin masu ƙuna, a kan fata idonsa ke fara sauka, kuma a kan fata aka fi horar da ku: wankin ciwo, naɗa bandeji, lissafin kashi nawa na jiki wuta ta ci. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne cewa mai ƙuna da ya tsallake kwanakin farko, rayuwarsa tana rataye ne a kan hantarsa fiye da yadda ake zato, kuma mafi yawan abin da zai kare hantar nan yana hannun malamin jinya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 duk shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mu ba sai an ba mu labari ba. Da tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu, kuma adadin ya yi ta hauhawa bayan an kashe wutar, domin waɗanda aka kwantar a asibitoci sun ci gaba da cikawa. Haka aka gani a Yamai a watan Mayu na 2019. Wanda ya rasu a ranar farko, hayaƙi ne ko tsiyayewar ruwan jiki ya ɗauke shi. Wanda ya kai mako biyu ko uku sannan ya cika, galibi gurɓacewar jini ce, wadda likitoci ke kira sefsis, wato ƙwayoyin cuta su shiga, garkuwar jiki ta rikice wajen yaƙarsu har ta lalata gaɓoɓin mai ita.

Tun a 1942 David Cuthbertson na Gilasgo ya bayyana cewa jikin da ya ji babban rauni yakan yi sanyi na kwana ɗaya ko biyu, daga nan ya koma cin kuzari babu ƙaƙƙautawa. A ƙuna mai faɗi wannan mataki na biyu ya fi na kowane rauni tsanani. Zuciya na bugu da sauri, jiki na zafi ko babu cuta, tsoka na narkewa domin hanta ta mai da ita sukari, ga shi insulin ba ya aiki yadda ya kamata, sai sukarin ya taru a jini. Jikin ya zama kamar magidancin da sanyi ya matsa wa har ya fara zare azarar ɗakinsa yana hura wuta. Kitsen da ke ƙarƙashin fata ma yana narkewa ya kwarara zuwa hanta fiye da yadda za ta iya fitar da shi. A asibitin yara na Shriners da ke Galveston a Amurka, David Herndon da Marc Jeschke da abokan aikinsu sun bi yara masu babbar ƙuna, suka tarar hanta na kumbura, wani lokaci ta ninka girmanta, kuma wannan gudun da jiki ke yi yana iya ɗaukar shekaru bayan ciwon ya rufe. A cikin wannan hali hanta takan rage yin albumin da sauran furotin na yau da kullum, ta mai da ƙarfinta kan furotin na gaggawa masu taimakon yaƙi da cuta.

Ga inda haɗarin yake. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji da maƙwabtansa yake zuwa, kuma a kan hanyarsa akwai ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye baƙin abu, waɗanda aka sa wa sunan Kupffer, Bajamushen da ya fara ganinsu a 1876. Mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi da ke zaune a gaɓoɓin jiki a hanta suke. Ƙuna tana rage jinin da ke zuwa hanji, bangonsa ya yi rauni, ƙwayoyin cuta da dafinsu su fara tsallakawa, ga kuma ƙofar fata a buɗe. Idan sefsis ta biyo baya, hantar da ta gaji take tararwa. Masu bincike suna kiran wannan duka na biyu: ƙwayoyin Kupffer da ƙuna ta riga ta harzuƙa sukan yi ambaliyar sinadaran kumburi, ko kuma su kasa tace jinin. Daga nan ruwan maɗaciya ya daina gudu, ido ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, maganin da aka saba bayarwa ya daɗe a jiki fiye da ƙima, sukarin da ya yi ta hawa ya iya faɗuwa warwas.

Wani zai ce yawancin wannan sani daga ɓeraye aka samo shi da kuma asibitocin Amurka, ina ruwan asibitin da wutar lantarki ma ba ta tsayawa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin magunguna da dama da suka ceci ɓera daga sefsis sun gaza da aka gwada su a kan mutum. Amma kumburin hanta da kitsenta da faɗuwar albumin a jikin mutane aka auna su. Kuma a nan lamarin ya fi nauyi, tun da binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ga tamowa a jikin yara da yawa. Wanda ya zo da hanta mai tabo, duka na farko ma ya ishe shi. Wani kuma zai ce huhu da ƙoda ne ke fara gazawa, kuma alƙaluman gwajin hanta sukan hau su sauka da kansu. Haka ne, sai dai waɗannan alƙaluma mutuwar ƙwayoyin hanta suke nunawa, ba sa faɗin ko tana yin aikinta, kuma abin da hanta ta kasa tacewa a huhu yake sauka. Masu cewa a ɗura wa kowane mai ƙuna maganin ƙwayoyin cuta tun ranar farko a huta, su sani hakan bai hana sefsis ba, sai ma share fage ga ƙwayoyin cuta irin su Sudomonas da Asinetobakta waɗanda ba sa jin magani.

Abin da ke aiki ba ya buƙatar babbar na'ura. A fara ciyarwa ta baki ko ta robar hanci cikin sa'o'i 12 na farko, domin hanjin da ke samun abinci ya fi riƙe bangonsa, a ba da furotin da ya kai giram 1.5 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin babba, amma kada a cika abincin da mai. A ɗumama ɗaki, musamman da hunturu, don kada jiki ya ƙona tsoka wajen neman zafi. A taimaki likitan fiɗa ya cire mataccen nama da wuri, hanyar da Zora Janžekovič ta Sulobeniya ta bayyana wa duniya a 1970. A wanke hannu tsakanin gado da gado, a lissafa farasitamol da kyau, a tambayi dangi cikin ladabi ko an ba mara lafiya wani jiƙo. Zazzaɓi da saurin bugun zuciya ba su isa shaida ba a wurin mai ƙuna, shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙuna ta Amurka a 2007 ta sa hawan sukari da ƙin karɓar abinci cikin alamun sefsis. Ku ne ke gefen gado da tsakar dare lokacin da ciki zai kumbura ko abincin roba ya dawo, don haka ku rubuta shi, ku kira likita a daren, kada ku jira zagayen safe.