BUGUN ZUCIYA DA SAURI TARE DA SAUKAR JINI
Jawabin Malamar Asibiti ga Iyaye Mata

 

Kowa ya san hawan jini. To, akwai kishiyarsa, wato saukar jini. Zuciyar babban mutum takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. In ta wuce 100, awon jini kuma ya yi ƙasa da 90 bisa 60, to, akwai magana. Mace za ta ji jiri, idonta ya yi duhu in ta miƙe, ga gumi mai sanyi, ga ƙishirwa.

Ku gane, galibi ba zuciyar ce ta lalace ba. Jini ko ruwan jiki ne ya ragu, ita kuwa ta ƙara sauri don ɗan abin da ya rage ya kai ga ƙwaƙwalwa. Saboda haka tushen ciwon ake yi wa magani.

1. In gudawa ce ko amai: a dama fakitin ruwan gishiri da sukari yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A riƙa kurɓa. In ba ya zama a ciki, sai ƙarin ruwa a asibiti.

2. In zubar jini ce bayan haihuwa: wannan ba ta jiran gari ya waye. Muna da allurar Oxytocin mai sa mahaifa ta tsuke, in ta kama kuma a yi ƙarin jini.

3. In ƙarancin jini ne: ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba ku wajen awo, a sha kullum, amma ban da haɗawa da shayi. In bayan gida ya yi baƙi, kada a tsorata.

4. In da zazzaɓi: a zo a yi gwaji kafin a sha magani.

GARGAƊI: Kada ki karɓi maganin hawan jini na maƙwabciya, kada ki sayi maganin rage bugun zuciya a kemis. Irin su Propranolol suna ƙara saukar da jini, mace ta some.

Mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, tata daban ce. Wataƙila zuciyar ce ta gaza, yawan ruwa da kunun kanwa kuwa ƙara mata nauyi suke yi. A kai ta wurin likita ranar nan.

Kafin a sami mota, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, in dai ba haki take yi ba. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu.

Ku gaya wa mazajenku, a tanadi kuɗin mota tun ciki yana ƙarami. Allah ya ba mu lafiya, amin.