Koyon Tuƙin Mota Mai Giyar Hannu

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a garin Isa

 

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makarantarmu, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da war haka. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai kuwa, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan koyon tuƙin mota mai giyar hannu, wadda makanikai ke kira manuwal. Na san wani zai ce, ina ruwan masu furfura da koyon tuƙi? To, gemu dai ba ya hana ilmi. Da yawa daga cikinmu sun yi ritaya ko suna dab da yi, kuma akwai wanda sai da kuɗin sallama ya sayi motarsa ta farko. Akwai gidan da za ka ga mota a ƙofa, amma mutum ɗaya kawai ya iya tuƙa ta. Ran da ya yi tafiya, naƙuda ta kama mace cikin dare, ko yaro ya shiɗe, sai a bi maƙwabta ana ƙwanƙwasa ƙofa ana neman direba, ga mota ga makulli, ga asibiti a cikin gari. Bugu da ƙari, 'ya'yanmu suna koyon tuƙi a ɓoye wurin abokansu, su kwashi munanan ɗabi'u, alhali da mun san abin da kanmu mun gyara musu.

Bari in ɗan taɓa tarihi, don malamanmu su san karatunsu bai zube ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, amma bai ƙaraso mu ba. Saboda haka duk abin da ya fita daga Isa da Sabon Birni, ko ya shigo, in ba a bayan raƙumi da jaki ba, to a bayan mota ne. A da Nijeriya a hannun hagu ake tuƙi, irin na Ingila, Nijar kuwa a hannun dama, irin na Faransa. Direban da ya tashi daga nan zuwa Maraɗi, ko ya kai mutane gaisuwar dangi Tsibiri, dole ya sake hannu da ya ƙetare iyaka. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma hannun dama, wannan wahala ta kau. A 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda muke kira Fijo. Manyanmu za su tuna 404, wadda giyarta ke maƙale a jikin sitiyari, da 504 wadda ta yi shekaru tana mulkin tashoshinmu. Da irin waɗannan motoci masu giyar hannu direbobin ƙasar nan suka koyi sana'a. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, shugabanta na farko kuwa shi ne Farfesa Wole Soyinka. Kun ga ke nan Bayarabe aka fara ba wa aikin tsare Bagobiri a hanya. Abin wasanmu ne, mun yafe masa.

Mota mai sake giya da kanta, wato otomatik, ba baƙuwa ba ce, tun wajen 1940 aka fara sayar da ita a Amurka, yanzu kuwa ta cika biranenmu. Duk da haka ina ba da shawara mai koyo ya fara da ta hannu. Wanda ya iya ta, cikin yini guda zai saba da otomatik, amma wanda ya fara da otomatik in aka miƙa masa makullin ta hannu sai ido. Yawancin a-kori-kura da bas-bas da manyan motoci da tarakta da ke aiki a karkararmu na hannu ne. Makanikan ƙauye sun fi sanin cikinta. In batir ya mutu kuma, samari huɗu sun isa su tura ta ta tashi, abin da otomatik ba ta yarda da shi.

Yanzu ga yadda abin yake aiki. Kowa a nan ya san injin niƙa. Injin yana juyawa a gefe guda, maniƙa tana ɗaya gefen, bel ne ke haɗa su. In aka cire bel, injin zai yi ta ruri amma ko ƙwayar gero ba za ta niƙu ba. To, aikin kuloci ke nan a mota. Wani faifai ne da ke tsakanin injin da giyabos. In ka taka shi ka raba injin da tayu, in ka saki ka haɗa su. Injin mota ba ya iya aiki in juyawarsa ta yi ƙasa ƙwarai, saboda haka in ka haɗa shi farat ɗaya da motar da ke tsaye cik, nauyinta zai shaƙe shi, ta yi tsalle ta mutu. Wannan shi ne abin da ke ba kowane sabon shiga kunya, kuma ba wani abin kunya ba ne.

Ita kuwa giya, misalinta kamar ɗan dako ne. In ya ɗauki buhun gero zai hau tudu, gajeren taku yake yi mai ƙarfi. In ya sauke kaya ya sami miƙaƙƙiyar hanya, sai ya buɗe ƙafa. Giya ta 1 gajeren taku ce, ƙarfi da yawa, gudu kaɗan. Ta 4 da ta 5 dogon taku ne, gudu da yawa, ƙarfi kaɗan. Wanda ya nemi tashi da giya ta 4 ya nemi ɗan dako ya yi tsalle da buhu a ka.

Abubuwan takawa uku ne. Daga hagu kuloci, a tsakiya birki, a dama totur. Ƙafar hagu ta kuloci ce kawai. Ƙafar dama ita ke da birki da totur, don kada mutum ya taka su tare. Mai koyo ya nemi fili shimfiɗaɗɗe wanda babu yara babu dabbobi, da ƙwararren direba a gefensa. Ya gyara kujera yadda zai iya danne kuloci har ƙasa ba tare da miƙe jiki ba, ya gyara madubai, ya ɗaura bel. Tun mota tana kashe ya danne kuloci ya yi ta zagaya giya, har hannunsa ya san gidan kowace ba tare da ya duba ba.

Daga nan ya tabbatar giya tana firi, hambirki yana sama, ya danne kuloci, ya yi bismilla ya tayar da mota. Ya sa giya ta 1, ya sauke hambirki. Sai ya riƙa ɗaga ƙafar hagu sannu a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri daga barci. Akwai gaɓar da zai ji muryar injin ta sauya, mota ta fara rawar jiki tana son motsawa. Nan ne kuloci ya fara kamawa, kuma nan ne duk sirrin tuƙin yake. Ya tsayar da ƙafarsa a nan, ya ɗan taɓa totur, in mota ta fara tafiya sa'an nan ya ƙarasa sakin kuloci. Ya tsaya, ya sake. Ni a ganina kwana biyu ko uku na farko kada a koya masa komai sai tashi da tsayawa.

Wajen sake giya, a ɗaga ƙafa daga totur, a danne kuloci har ƙasa, a sa giya ta gaba, a saki kuloci cikin natsuwa, a koma kan totur. Kunne ne malami a nan. In injin yana kuka, yana neman giya ta sama. In yana kakari mota tana kakkarwa, yana neman ta ƙasa. Wajen tsayawa, birki ake fara takawa, in gudu ya ragu sosai sai a danne kuloci don kada mota ta mutu. Ribas kuwa ba a sa shi sai mota ta tsaya cik.

Hanyoyinmu suna da nasu darasi wanda ba a koyar da shi a birni. Ƙasarmu ta rairayi ce, ga kuma fadamun Rima da Bunsuru da damina. In za ka shiga rairayi, zaɓi giya ta 2 tun kana kan ƙasa mai tauri, ka riƙe totur daidai wa daida, kada ka sake giya a tsakiya, domin da ka taka kuloci ƙarfi ya yanke, mota ta zauna. In ta kafe, daina ba ta wuta, don tayar haƙa wa kanta rami take yi. Kwashe rairayin gaban tayu, sa kara ko itace, ka ɗan rage iskar taya, in ka fita ka mayar. In ruwa ne a hanya, sauka ka duba zurfinsa, ko ka jira wata mota ta wuce ka gani. In mai wucuwa ne, shiga da giya ta 1 ba tsayawa, in ka fita ka riƙa taɓa birki har ya bushe. Ruwa mai gudu kuwa ba a jayayya da shi, a jira ya janye.

In tsayawa ta kama ka a kan hawa, ja hambirki. In za ka tashi, nemo gaɓar nan ta kuloci, ƙara totur kaɗan, sai ka ji mota tana ja sa'an nan ka sauke hambirki. A gangara kuma, kada kowa ya yaudare ka da cewa sa mota a firi ko kashe injin tanadin mai ne. Giya ƙarama tana riƙe mota, tana rage wa birki aiki. In an kashe injin kuwa, birki da sitiyari na yawancin motoci tauri suke yi, a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. In turi ya kama, a murɗa makulli, a sa giya ta 2, a danne kuloci, in mota ta ɗauki gudu a saki. Sai ɗabi'a guda da ke cinye aljihun masu mota, wato ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya. Faifan yana gogawa yana cinyewa, kuma ba a sake shi sai an sauke giyabos.

Malamanmu na kimiyya sun koya mana wani lissafi wanda ya kamata kowane direba ya haddace. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta tashi daga totur ta kai kan birki, ka riga ka wuce tsawon ajujuwa biyu ko uku. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake yi sau huɗu. Dokar hanya ta ba ƙaramar motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A hanyar da akuya da amalanke da ɗan acaɓa ke fitowa ba sallama, ko wannan ma wani lokaci ya yi yawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da doka, ba a ba da lasin tuƙi sai ga wanda ya cika shekara 18. Hanyar ita ce a shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta amince da ita, a karɓi takardar izinin koyo, a liƙa alamar L gaba da baya, jami'an duba motoci su yi wa mutum jarrabawa, sa'an nan a ba shi lasin. Ina roƙon 'yan'uwa, kada son ɗa ya sa mu miƙa wa yaro ɗan shekara 14 makulli don a ce ɗan wane ya iya mota. Ran da ya take ɗan wani, ba shi kaɗai zai amsa tambaya ba, a nan duniya da gobe kiyama.

Jama'a, ba zan rufe ba sai na ambaci abin da ke zuciyar kowa. Mun san halin da hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa a watan Disamba na 2021 ba, Allah Ya karɓi shahadarsu. Direbobin tasha da suka ci gaba da kai mu Shinkafi da Gusau da Sakkwato cikin wannan hali sun cancanci girmamawa da addu'a. Sabon direba ya riƙa tambayarsu labarin hanya kafin ya fita, ya guji tafiyar dare tsakanin garuruwa, ya duba mai da ruwa da taya tun a gida. Wanda har yanzu mota ke mutuwa a hannunsa, ko bai iya juya ta a ƙuntataccen wuri ba, bai isa fita bayan gari ba tukuna.

Daga ƙarshe ina da shawara ga ƙungiya. A cikinmu akwai tsofaffin direbobi da makanikai da masu motoci. Me zai hana a lokacin dogon hutu mu shirya wa ɗaliban da suka gama makarantar nan, waɗanda shekarunsu suka kai, darasin sanin mota da dokokin hanya, sa'an nan ƙungiya ta taimaka wa masu ƙwazo da kuɗin makarantar tuƙi da na lasin? Sana'a ce da za ta ci da gida. Kowannenmu mai mota kuma ya ƙudura cewa kafin taron baɗi za a sami mutum na biyu a gidansa, ɗa ko 'ya ko uwargida, wanda ya iya tuƙa ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu malamai, in an ji tuntuɓen harshe a gafarce ni, har gobe ɗalibanku ne mu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya bar zumunci.