Aikin Malaman Agajin Gaggawa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An umurce ni in yi muku bayanin wani aiki da bai daɗe da shigowa ƙasarmu ba, watau aikin malamin agajin gaggawa, wanda ke shiga motar asibiti ya tafi inda haɗari ya auku.

Kowa a nan ya san yadda a kan yi in mota ta kife a kan hanya. Jama'a su kan taru da kyakkyawar niyya, wani ya kama ƙafa wani ya kama hannu, a jefa mutum bayan a-kori-kura. In ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗauka ita ce za ta shanye masa jiki har abada. In jijiya ce ta yanke, kafin a kai asibiti jini ya ƙare. Kun tuna da gobarar tankar mai a Majiya, cikin ƙasar Taura, a watan Oktoba na 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa Ringim da Haɗejiya. A irin wannan dare, abin da aka yi wa mutum tsakanin bakin hanya da ƙofar asibiti shi ke raba mai rai da gawa, da ikon Allah.

To, malamin agaji an koya masa tsai da jini, da buɗe hanyar numfashi, da ɗaure karaya, da danna ƙirji in zuciya ta tsaya, da karɓar haihuwa in ta zo bisa hanya. Ba likita ba ne, ba kuwa direba ba. Motar asibiti da babu irinsa a ciki, a ganina, ba ta fi motar haya ba sai da jiniya.

Gwamnati ta riga ta aza harsashi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya kori mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya na matakin farko domin wannan hidima. A 2017 aka yi dokar da ta tilasta a yi wa wanda aka harba magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Sa'an nan a 2022 aka buɗe tsarin motocin agaji na ƙasa, NEMSAS, aka fara da Abuja. Lambar kira ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa 122.

Game da karatu, yaro ko yarinya sai ya gama sakandare da kiredit biyar: Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, da Kimistiri, da Fizis, kana ya zauna jarrabawar JAMB. Shekara 2 ya sami ƙaramar difloma. In ya yi shekara guda yana aiki, yana iya komawa ya ƙara 2 ya sami babba, ya tafi bautar ƙasa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya yi gaba wajen wannan horo, shi ya sa mutanen kudu suka riga mu. Amma ku duba, wanda ya faɗi a hanyar ƙauye da Hausa ko Fillanci zai faɗi inda ke masa ciwo, mace mai naƙuda kuwa ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Saboda haka kada a bar 'yan mata baya.

Maganar albashi kuma, ba zan yi muku romon baka ba. Wanda gwamnati ta ɗauka a kan biya shi bisa ma'aunin albashin ma'aikatan lafiya, mai babbar difloma ya fara a mataki sama da na mai ƙarama, jiha kuwa ba lalle ta biya daidai da tarayya ba. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta yanka a 2024 naira 70,000 ne a wata. Aiki ne na kwanan zaune, ba Salla ba Juma'a, wanda ke neman tara dukiya da wuri ya nemi wata sana'a. Guraben gwamnati ma ba su da yawa tukuna. Waɗansu su kan sami wuri a asibitocin kuɗi da kamfanonin haƙar mai. Wanda ya riga ya ƙware dai shi za a fara kira ran da jiha ta sayi motoci.

Abin da muke roƙo, Allah ya ba ku nasara, shi ne ku sa dagatai da masu unguwanni su bincika yaran da suka ci darussan nan biyar, musamman masu natsuwa waɗanda jini ba ya firgita su. Malaman hakimai su rubuta sunan kowane, da garinsu, da sakamakonsa, a kai wa sashen ilmi na ƙaramar hukuma domin a nema musu taimakon karatu. Kafin a buɗe rajistar makaranta, a tabbata Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda hedkwatarta ke Kaduna, ta amince da kwas ɗin, gama takardar makarantar da ba ta amince da ita ba ba ta shigar da yaro aikin gwamnati.