Saɓanin Haƙora a Bakin Yara: Jawabi ga Iyaye da Malamai na Sakwa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Haka al'amarin muƙamuƙin yaro ya ke.

Bisa ga halitta, idan mutum ya rufe baki, haƙoran sama su kan ɗan rufe na ƙasa ta waje, kamar yadda murfi ke rufe kwano. Amma a bakin waɗansu yara abin ya kan juye, na sama su faɗa ta cikin na ƙasa, ko a gaba ko a wajen turame. Wannan shi a ke kira saɓanin haƙora. Ya kan samu ta hanyar gado, ko daɗewa ana tsotson yatsa, ko numfashi ta baki saboda toshewar hanci, ko kuwa haƙorin nono ya ƙi faɗuwa har sabo ya fito a karkace.

Wannan ba maganar kyaun fuska kaɗai ba ce. Yaron ya kan karkata haɓarsa in zai tauna abinci, haƙora su riƙa cin juna, dasashi ya janye. In aka ƙyale, muƙamuƙi na iya girma a karkace.

Yaro yana da haƙoran nono 20, kuma ya kan fara famfara wajen shekara 6. Saboda haka likitocin haƙori ke ba da shawara a duba bakinsa yana da shekara 7, lokacin da ƙashi bai gama ƙwari ba.

Daga cikin abubuwan gyara akwai wata na'ura ta roba da waya wadda a ke sa wa a baki, a kuma cire. Ba ta da wani inji. Ƙarfin naman kumatu da leɓe da harshen yaron shi ne ke aiki, yana bi da haƙora da muƙamuƙi zuwa inda ya kamata. Pierre Robin na Faransa ya fito da irinta a 1902, sa'an nan Rolf Fränkel na Jamus ya ƙera wadda a ke amfani da ita idan haƙoran ƙasa sun wuce na sama. Idan kuwa ganda ce ta yi ƙunci, akwai wata dabam mai buɗa ta a hankali. Likita ne kaɗai zai zaɓa, bayan ya auna bakin.

Aikin ya kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Tilas yaro ya sa na'urar iyakar sa'o'in da likita ya faɗa, a wanke ta kullum da ruwan sanyi, domin ruwan zafi ya kan lanƙwasa ta. Kada a ara wa ƙane ta wansa, gama kowace da bakin da aka auna mata. Malamai kuma su hana 'yan aji yi masa ba'a.

Daga Sakwa, sai a fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. In da bukata, a kan tura yaro wurin ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada a bari wanzami ko mai maganin kasuwa ya cire ko ya goge haƙorin yaro. Abin da na'ura za ta gyara a ƙuruciya, in an girma wani sa'i sai da tiyata.