Injin kwance notin taya mai batir

Duk direban da taya ta taɓa fashe masa da tsakar rana, ya taka sufana da ƙafa, gumi na zuba noti ya ƙi motsi, ya san amfanin wannan inji.

In za ka saya, nemi mai bakin rabin inci da batir 18V, irin na Makita ko DeWalt. Notin yawancin ƙananan motoci ana ɗaure shi ne da ƙarfin Nm 100 zuwa 140, amma wanda ya yi tsatsa yakan nemi fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka mai Nm 400 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali. Soket kuwa baƙi za ka haɗa masa, mai ƙyalli yana iya tsagewa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaurewa. Sau nawa na ga an danna inji yana ta ƙara har zaren ƙusa ya cinye! Don Allah fara saka noti da yatsunka, ka ɗaure ɗaya ka tsallake na gabansa, sannan ka ƙarasa da sufanar awo bisa lambar da ke littafin motarka.